Yadda Ake Isar da Sabon Tsarin Aiki ga Ma'aikatan Jinya Har Ya Zauna a Ɗaki

Kusa da teburin nas-nas a kusan kowane ɗakin kwanciya a Katsina akwai allon sanarwa. Rosta tana kai, katin gayyatar biki yana kai, takardar ƙungiya tana kai, can ƙarƙashinsu kuma ga sakular da ta fito daga ofishin shugaban asibiti tana cewa daga yau an canza kaza. A ofis, ranar da aka manna takardar nan an gama magana. A ɗaki kuwa ba a ma fara ba.

A ɗakin yara na koyi wannan, kuma ban koye shi cikin daɗi ba. Umarni ya iso mana cewa yaron da bai kai kilo 20 ba, mai zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, za a riƙa yi masa allurar atesunet miligiram 3 kan kowane kilo, maimakon 2.4 da muka saba. Da hannuna na manna takardar, na kuma gaya wa masu aikin safe. Bayan makonni ina duba foldoji sai na ga yaran da aka karɓa a wasu darare duk da tsohon awo aka yi musu lissafi. Wadda take dutin tana cikin mafi natsuwar ma'aikatanmu. Hutun haihuwa ta tafi, tana dawowa aka sa ta dare, jadawalin da ke manne a jikin kabad ɗin allurai kuma tsohon ne, ban cire shi ba. Da abin da ta gani a gabanta ta yi aiki. Laifin nawa ne, kuma har yau ina tuna yadda idonta ya cika da hawaye da na nuna mata.

Tun daga nan ma'aunina ɗaya ne. Canji bai iso ba sai nas ɗin da ke ita kaɗai da ƙarfe uku na dare, an ɗauke wuta, ga gadaje cike, ta yi sabon abin ba tare da ta tsaya neman takarda ba. Da "ke" zan yi magana, domin mafi yawan shugabannin ɗakunan da na yi aiki da su mata ne, amma 'yan'uwanmu maza masu riƙe da ɗakuna maganar ta shafe su daidai wa daida.

Ki fara fahimtarsa kafin ki buɗe baki

Idan takarda ta iso, kada ki tura ta ko'ina a ranar. Ki zauna da ita ki nemi amsar tambayoyi huɗu: me muke yi jiya, me za mu yi gobe, a kan wane majinyaci, kuma saboda me. Idan ba za ki iya faɗin amsar cikin numfashi biyu ba, ba ki shirya gaya wa kowa ba.

Tambayar "saboda me" ita ake yawan tsallakewa, alhali ita ke sa abu ya zauna a kai. Ɗauki maganar atesunet da kwinin, maganin da ake bayarwa kafin zuwansa. A 2010 aka fitar da sakamakon wani babban bincike kan yara 5,425 a ƙasashen Afirka tara, har da Najeriya. Cikin waɗanda aka bai wa kwinin kashi 10.9 cikin ɗari suka rasu, cikin na atesunet kashi 8.5. A 2011 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce atesunet ne na farko ga zazzaɓi mai tsanani. A 2015 kuma ta ƙara awon ƙananan yara zuwa miligiram 3, saboda an gano cewa maganin ba ya kai ƙarfin da ake so a jinin ƙaramin yaro idan an ba shi awon manya. Nas ɗin da ta ji wannan dalili ba za ta manta lambar ba. Wadda aka ce wa kawai "an canza" tana iya zaton wani sabon likita ne ya zo da salonsa.

Sai ki nemi wuraren da takardar ta yi shiru. Yaro mai kilo 12 yana buƙatar miligiram 36, wato mil 3.6 idan an haɗa maganin don jijiya, inda kowane mil ke ɗauke da miligiram 10. To mil 3.6 za a zuƙa, ko cikawa za a yi zuwa 4? Idan ba a yanke wannan ba, kowace nas za ta yanke nata. Ki ɗauki irin waɗannan tambayoyi ki je wurin likitan da ke kula da ɗakin da kuma mai harhaɗa magunguna, ku tsayar da amsa ɗaya, matiron ta sa hannu. Kada ki yarda ki sanar da nas-nas abin da likitocin ɗakin ba su ji ba. Babu abin da ke kashe sabon tsari da wuri kamar nas ta yi sabo, likita ya zo zagaye ya tambaye ta gaban masu jinya wa ya ce ta yi haka.

Ki leƙa sito

Ba a fafe gora ranar tafiya. Kafin ki sa rana, ki je da ƙafarki ki ga kayan da sabon tsarin yake buƙata. Awon da ya dogara da nauyi yana buƙatar sikeli mai aiki, da batir, a wurin da ake karɓar yara, ba a kulle a ofishin da ake rufewa da yamma ba. Atesunet yana buƙatar ruwan bayikabonet da ke zuwa tare da kwalbar, da nomal salin na tsinkawa, da sirinjin da ke nuna ƙananan lambobi. Ki tambayi mai sito nawa ke akwai, zai kai wata nawa, kuma wa ke riƙe da makulli da dare.

Idan kayan ba su isa ba, hanya biyu ce. Ko a jinkirta farawa, ko a rubuta ƙarara abin da za a yi ranar da kaya suka yanke. Sanar da abin da ba zai yiwu ba ɓarnarsa ta wuce wannan canjin, domin daga nan duk takardar da ta fito ana kallonta a matsayin maganar ofis.

Rosta ita ce jerin masu ji

Ki ɗauko rostar wata, ki kwafe sunayen a takarda daban, kowane suna da layinsa. Sai ki ƙara waɗanda ba sa kan rosta amma hannunsu na taɓa majinyaci: masu hutun shekara, masu hutun haihuwa, waɗanda suka tafi ƙaro karatu, masu neman ƙwarewa ta shekara ɗaya, masu bautar ƙasa, ɗalibai daga Kwalejin Koyon Aikin Jinya ta Katsina ko makarantar ungozoma ta Malumfashi da ke zuwa aikin gwaji, da nas ɗin da akan aro daga wani ɗaki idan hannu ya yi kaɗan. Gaban kowane suna ki ja gurbi uku: ta ji, ta gwada a gabana, na gani a aikinta. Sa hannu a kan "na karanta" ba ya cike ko ɗaya daga cikin ukun.

Ki kuma duba inda majinyaci yake bi kafin ya iso gare ki. Yaron da aka kawo daga Jibiya ko Batsari ta ɗakin gaggawa yake shigowa, can ake masa allurar farko. Idan ɗakinki ya canza, ɗakin gaggawa bai canza ba, rabin aiki kika yi.

Manyan ɗaki tukuna, kuma a keɓe

A nan nake so in daɗe, domin a nan mafi yawan sababbin shugabanni suke tuntuɓe. A kowane ɗaki akwai sista ɗaya ko biyu da suka girme ki a aiki, wataƙila ma su suka koya miki sa kanula. Ƙananan ma'aikata ba takarda suke kallo ba, fuskar waɗannan suke kallo. Idan kika tara kowa kika karanta sabon umarni, babbar sista ta ji shi a lokaci ɗaya da ɗalibar da ta zo jiya, ba za ta yi miki musu ba. Shiru za ta yi. Wannan shirun kuwa kowa a ɗakin ya san fassararsa.

Saboda haka ki same ta ita kaɗai, kwana biyu ko uku kafin sanarwa. Ki gaishe ta yadda ya kamata, ki zauna, ki ce mata wani abu kamar haka: "Sista, ga abin da ya zo mana. Na ce bari in fara kawo miki ki duba, don ke kika san ɗakin nan. Ina kike ganin zai ba mu wahala?" Tambayar nan ba dabara ba ce, ki yi ta da gaske, ki rubuta abin da ta ce. Ita ce za ta gaya miki cewa sikelin yana ƙara rabin kilo, ko cewa allurar awa 12 tana faɗowa daidai lokacin da ake canjin duti, shi ya sa ake makara da ita. Da tsohuwar zuma ake magani.

Abu ɗaya ne bai kamata ya fito daga bakinki ba: cewa abin da ake yi a da kuskure ne. Matar da ta shekara da shekaru tana rataya kwinin a ledar ruwa, tana ƙirga ɗigo na awa huɗu, tana tsaron kada sukarin yaro ya faɗi, ta ceci rayuka da shi. Abin da ilimi ya kai a lokacin ke nan. Ki ce mata an sami abin da ya fi, kuma ya fi sauƙi a hannunmu. Idan ta ce ita ba ta ga aibun tsohon ba, gaskiya ta faɗa, domin bambancin yara biyu ko uku cikin ɗari ba abu ne da ido ɗaya zai gani a ɗaki ɗaya ba, sai an tara dubbai. Ki faɗa mata haka cikin ladabi.

Idan ta gamsu, ki roƙe ta ita ta nuna wa sauran yadda ake yi. Idan ba ta gamsu ba, ki roƙi likitan ya zauna da ita, waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi. Idan duk da haka ta tsaya, ki gaya mata a fili, har yanzu a keɓe, cewa daga ranar da aka sa wannan ne tsarin ɗaki kuma ya hau kan kowa. Girmamawa ba ta hana faɗin wannan.

A kowane duti kuma ki zaɓi mutum ɗaya da za a riƙa tambaya. Ba lallai mafi girman muƙami ba, wadda mutane ba sa jin nauyin cewa "ban gane ba" a gabanta.

Shafi ɗaya

Takardar da ta zo daga sama tana iya kai shafi goma. Ki ajiye ta a fayil. Abin da za ki manna shafi ɗaya ne da manyan baƙaƙe, wanda za a iya karantawa da fitilar waya. A samansa ranar farawa da sunan wanda ya amince. Sai layi biyu, abin da aka bari da abin da aka koma. Sai matakan a jere yadda hannu yake yinsu.

Na atesunet, alal misali, zai ce a auna yaro. Ƙasa da kilo 20 miligiram 3 kan kilo, kilo 20 zuwa sama 2.4. A zuba mil 1 na bayikabonet a kwalba mai miligiram 60, a girgiza har ya washe. Don jijiya a ƙara mil 5 na salin, kowane mil ya zama miligiram 10. Don tsoka a ƙara mil 2, kowane mil ya zama miligiram 20. A yi allura nan take, sannan bayan awa 12, sannan a awa 24. Abin da aka haɗa ba ya wuce awa ɗaya, ragowar zubarwa ake yi, ba a ajiye wa yaro na gaba. Idan yaro ya fara iya haɗiya bayan allurai ukun, a ba shi cikakken maganin sha na kwana uku. A ƙasa ki sa jadawalin nauyi da adadin mil, don kada kowa ya yi lissafi da ka cikin gajiya.

Sunayen magunguna da lambobi ki rubuta su yadda suke a jikin kwali, don kada a sami saɓani da abin da likita ya rubuta. Bayani da baki kuwa ki yi shi da Hausa, ko da harshen da wadda ke gabanki ta fi sakewa da shi. Kafin ki buga da yawa, ki miƙa wa mafi ƙanƙantar ma'aikaciya ta karanta, ta gaya miki abin da ta fahimta. Inda ta yi tuntuɓe, takardar za ki gyara.

Lokacin miƙa aiki, da kaya a hannu

Taron bita a babban ɗakin taro yana da amfaninsa, haka kwas ɗin da muke yi kafin sabunta lasisi. Amma wadda ta kwana tana aiki ba za ta zauna laccar awa biyu ba, wadda ke kan duti kuma ba za ta bar gadaje ba. Wurin da kowa yake bi dole shi ne miƙa aiki. Ki ware minti biyar zuwa goma a ƙarshensa, safe da rana da dare, har sai sunayen takardarki sun ƙare. Na dare ki zo da kanki aƙalla sau biyu. Masu dare sun saba labari ya iso musu a bakin wani, zuwanki kaɗai yana gaya musu nauyin maganar.

Ki zo da kayan. Kwalbar da ta ƙare, sirinji, ruwa, jadawalin. Ki faɗi dalili a taƙaice, ki yi sau ɗaya suna kallo, sai ki miƙa wa ɗaya ki ce: "Ga yaro mai kilo 9, nuna mini." Ta gaba ki ba ta mai kilo 25. Gani ya kori ji, yi da hannu kuma ya kori gani. Kada ki tambaya "kun gane?" domin a tarbiyyarmu ƙarami ba ya ce wa babba bai gane ba. Ki ce: "Ina so in tabbata ni na yi bayani daidai, ki maimaita mini yadda za ki gaya wa mai karɓar ki." Nauyin ya koma kanki, ita kuma ta sami sakewar yin kuskure a inda kuskure ba ya cutar da kowa.

Wannan hanya ba ra'ayina ba ce kawai. A 2023 aka wallafa sakamakon binciken E-MOTIVE kan zubar jini bayan haihuwa, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya da Kenya da Tanzaniya da Afirka ta Kudu, kan mata fiye da 200,000. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Magungunan duk sanannu ne. Abin da ya canza shi ne shimfiɗa leda mai awo a ƙarƙashin mai haihuwa don a ga jinin da lamba maimakon ƙiyasi da ido, sannan da zarar an gano zubar jini a yi komai tare: murza mahaifa, alluran tsayar da jini na oksitosin da tiranezamik, ƙarin ruwa, duba inda jinin ke fitowa, da kiran na sama idan bai tsaya ba. Gano zubar jinin ya tashi daga kusan kashi 51 zuwa 93 cikin ɗari, munanan sakamako kuma suka ragu da kusan kashi 60. Abin lura gare mu shi ne yadda aka shigar da tsarin. An yi atisaye a cikin ɗakunan haihuwar kansu, an tanadi akwati ko keken kaya da komai ke ciki, an naɗa masu jan ragama daga cikin ma'aikatan wurin, ana kuma dawo musu da alƙaluman aikinsu a kai a kai. Duk waɗannan shugabar ɗaki tana iya yin irinsu gwargwadon ƙarfinta.

Canjin da ke buƙatar hannu da yawa a lokaci ɗaya, irin wannan na zubar jini, bayani ba ya wadatar da shi. Sai an yi atisaye: wata ta kwanta a matsayin mai haihuwa, a kira, a ga wa zai kama me, a ga minti nawa kafin akwatin ya iso. A atisayen farko za ki gano cewa makullin firjin oksitosin yana aljihun wadda ta tafi salla.

WhatsApp

Kowane ɗaki yana da zaurensa na WhatsApp, kuma yana da amfani matuƙa idan an san iyakarsa. Tunatarwa ce, ba koyarwa ba. Ki tura hoton shafin nan ɗaya, da saƙon murya da bai wuce minti biyu ba, bayan kin fara bayani ido da ido. Saƙon murya da Hausa ya fi rubutu shiga, ana saurarensa a cikin Keke Napep kan hanyar Ƙofar Ƙaura zuwa aiki. Amma alamar an buɗe saƙo ba ta nufin an fahimta, kuma a zauren da ake tura gaisuwar Juma'a da sanarwar rasuwa, saƙonki zai nutse kafin la'asar. In da hali a buɗe zaure daban na sanarwar aiki kawai, wanda shugabanni ne kaɗai ke turawa.

Hoton majinyaci ko folda mai suna ba ya shiga zaure ko don misali. Gyaran kuskuren wata ma ba a zaure ake yinsa ba. Idan kuma aka sake gyara shafin, ki sa sabuwar rana a kai ki ce a goge na baya, domin tsohon hoto yana zaune a waya shekaru.

Ranar farawa

Ki zaɓi Litinin ko Talata da safe, lokacin da likitoci da famasi da sito duk suna nan. Ki guji Juma'a, da makon Salla, da ranar da sababbin ɗalibai ke shigowa. Idan canjin ya shafi zazzaɓin cizon sauro, ki yi ƙoƙari ya zauna kafin damina ta yi nisa. Daga Agusta zuwa Oktoba ɗakin yara ba wurin koyon sabon abu ba ne, yara biyu a gado ɗaya, kowa na gudu. A azumi kuma bayanin safe ya fi na yamma.

Daren da za a fara, ki zagaya da kanki ki cire duk tsohon abu: jadawalin bango, wanda ke cikin murfin kabad, wanda aka liƙa a kan keken allura, tsofaffin fom a aljihun tebur. Ki tambayi ma'aikata su duba ƙananan littattafan da suke sawa a aljihu. Sabon shafin ki manna shi inda hannu ke aikin, daidai tsayin ido, ba a allon sanarwa ba.

Masu jinya ma suna cikin lissafi

A asibitocinmu uwa ko kaka ko goggo tana gefen gado dare da rana, kuma tana lura da komai. Idan ta saba ganin ana rataya ledar ruwa ga mai zazzaɓi, yau ta ga allura ɗaya cikin 'yan mintoci, za ta ɗauka an yi wa ɗanta rowa. Ki ba nas-nas jimla ɗaya da kowa zai riƙa faɗa: "Mama, wannan allurar ta fi ƙarin ruwan ƙarfi a kan zazzaɓin, sau uku za a yi masa zuwa gobe war haka."

Inda canjin zai bi majinyaci gida, maganar ta fi haka nauyi. Da aka koma amfani da kulohezidin wajen kula da cibiyar jariri maimakon sifirit, an sami wuraren da aka sa wa jarirai shi a ido saboda mazubinsa ya yi kama da na maganin ido, wasu har suka makance. A 2019 sai da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da gargaɗi a kai. Maganin mai kyau ne, bayanin ne bai kai ba. Don haka nas ta nuna wa mai jego da hannu, ta ce na cibiya ne kaɗai, ba ya kusantar ido, ta kuma faɗa gaban kakar da za ta yi wankan jariri, domin ita ce mai shafawa.

Bayan an fara

Makon farko ki riƙa tambaya a kowane miƙa aiki: wa ya yi sabon tsarin jiya, me ya ba da wahala? Daga nan kowane mako ki zaro folda goma ba tare da zaɓe ba, ki tabbata akwai na dare da na ƙarshen mako. Ki duba abu biyu ko uku kawai: an rubuta nauyi, awon ya dace da nauyin, allura ta biyu ta zo kan lokaci. Ki rubuta sakamakon a allo ba tare da suna ba, bakwai cikin goma wannan mako, tara mako na gaba. Mutane suna son ganin lambar ɗakinsu tana hawa.

Idan kika ga an yi tsohon abu, tambayar farko ita ce me ya hana, ba wa ya yi ba. Sau da yawa za ki tarar sikeli ya mutu, ko salin ya ƙare, ko ba a taɓa gaya wa mutumin ba. Ki kira ta gefe, ki saurara, ki gyara abin da ya hana. Idan majinyaci ya cutu ko ya kusa cutuwa, a sanar da likita nan take kuma a rubuta rahoto, wannan ba a ɓoye shi don kare kowa. Amma idan kuskuren farko ya jawo takardar tuhuma da faɗa gaban mutane, kuskure na biyu ba za ki ji labarinsa ba.

Abin da nas-nas suka faɗa miki ki kai shi sama a rubuce, ki kuma dawo musu da amsa, ko da amsar ita ce ba a samu ba tukuna. Wadda ta yi ƙorafi sau biyu ba ta ji komai ba, ta daina.

Duk wannan na canjin da ke ba da lokaci ne. Akwai wanda ba ya jira: NAFDAC ta ce a janye wani rukunin magani, ko annoba ta ɓulla irin mashaƙon da ya addabi Kano da Katsina da maƙwabtansu a 2023, aka canza yadda ake keɓe majinyaci. A irin wannan, ki fara cire abin daga kabad da hannunki ko ki kafa wurin keɓewar, ki kira shugabar kowane duti a waya ta maimaita miki abin da kika ce, ki rubuta da jan biro a littafin rahoto inda mai karɓar aiki dole ta sa hannu. Dalili da atisaye su biyo baya cikin kwana biyu.

Bayan wata uku takardar sunayenki ta tsufa. An yi wa wasu canjin wurin aiki zuwa Daura ko Funtua, sababbi sun zo, masu hutu sun dawo. Ki tanadi fayil ɗaya a teburin nas-nas da ke ɗauke da duk shafukan canji na shekarar, sabo a sama. Duk wadda ta shigo ɗakin, ko ta dawo daga hutun da ya wuce wata ɗaya, ta zauna da ke ko da mataimakiyarki minti goma sha biyar a kan fayil ɗin, ta gwada a gabanku, kafin sunanta ya hau rostar dare.